Sa Hannun da Aka Hana Malam Sharfaddeen

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Alhamis, 11 ga Satumba, 2025, cikin watan Rabi'ul Awwal, Allah ya karɓi ran Malam Sharfaddeen Abdulmajid a gidansa da ke Tudun Wada, Zariya, bayan ya sha fama da ciwon zuciya. An yi masa sutura bayan sallar Azahar. Mutumin Umdurman ne ta ƙasar Sudan, amma ya yi kusan shekara arba'in a garin nan yana koyar da Larabci. A nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'ya, a nan ya yi furfura.

Malam, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin wadda ta dace da halinka. Na gwada, ta ƙi. Duk sanda na ɗauki biro sai in hango ka zaune a kan bencin nan na ƙofar ofishin makaranta, ka ɗora hularka a gwiwa kana jira, sai zuciyata ta tafasa. Ka yi mini afuwa, yau zan faɗi abin da kai ba za ka taɓa faɗa ba.

Ni Yusha'u, ɗan Garwa ne ta ƙasar Kamaru. Karatu ya kawo ni Kongo, harabar jami'a da ke nan Zariya, shekaru da dama da suka wuce, daga baya na buɗe shagon littattafai na zauna. Ranar da na sauka a tasha ban san kowa ba. Wani mai shayi ya dubi jakata ya ji Hausata, ya ce, "Kai baƙo ne ko? Tafi Tudun Wada ka tambayi gidan Balarabe." Haka mutanen unguwa suke kiranka, ko da yake ka fi yawancinsu duhun fata.

Na same ka a zaure kana dafa gahawa da citta. Ba ka tambaye ni wa ya aiko ni ba. Ka miƙo mini kofi, ka ce in fito da fasfo. Ka duba ranar da izinina zai ƙare, ka ce, "Wannan rana ka riƙe ta kamar ranar haihuwarka. Baƙo ba ya jira takardarsa ta mutu kafin ya tashi." Kafin magariba ka kai ni wurin mai unguwa ka gabatar da ni. Washegari ka raka ni neman ɗaki. Dillali ya nuna mana wani mai sabon fenti, ni har na yi murna, kai kuwa ka durƙusa ka shafa gindin bango, ka ce da dillalin, "Malam, ɗakin nan yana shan ruwa da damina, nuna mana na gaskiya." Ka hana ni biyan haya sai a gaban shaidu. Ka nuna mini asibitin da zan je, da yadda zan buɗe asusun banki, da masallacin da zan riƙa bayyana kullum domin idan na ɓace a lura. Ka ce in riƙa zuwa jana'izar maƙwabta ko ban san mamacin ba, in ci abin da aka ba ni, kada in riƙa cewa a ƙasarmu ba haka ake yi ba.

Ba ni kaɗai ba ne. Ɗaliban Chadi, 'yan kasuwar Mali, matan da aure ya kawo daga Nijar, duk wanda ya rasa inda zai dosa zaurenka yake ƙarewa. Matarka, Hajiya Naja'atu, 'yar Kwangila, ta kan ce ba ta taɓa auna tuwo daidai bakin mutanen gidanta ba tun da ta shigo. Kai ka koyi cin tuwon dawa da miyar kuka, ita kuma ta koyi toya kisra, wainar nan taku mai faɗi, har ta fi ka iyawa. Hausarka ta yi kyau, sai dai har ka rasu harshenka bai yarda da harafin ƙa ba. Yara suna dariya idan ka ce "kasa" a maimakon ƙasa, kai ma ka taya su.

Ba zan manta da wani dattijo ɗan Mali mai gyaran agogo ba, wanda ya rasu a ɗakin haya a Dutsen Abba ba shi da kowa. Mai gidan ya rasa yadda zai yi. Kai ka je ka yi masa wanka, ka tara mutane aka sallace shi, sannan ka shafe watanni kana bin direbobin manyan motoci da tambaya har ka samu ƙanensa a waya. Na tambaye ka me ya sa ka wahalar da kanka haka, tun da an riga an binne shi. Ka ce, "Akwai wadda take dafa abinci tana ajiye masa rabo. Dole ta sani."

Wannan shi ne mutumin da aka bari a kan benci.

Ga yadda abin ya faru, domin waɗanda suka zo jana'iza suna tambayar juna ko Malam ya daɗe ba lafiya. Izinin zamanka a ƙasar nan yana rataye ne da aikinka. Kai da marigayi Alhaji Nagoda kuka fara makarantar nan ta Islamiyya a cikin shago biyu, shi da dukiya kai da alli. Duk lokacin sabunta izini, makaranta takan rubuta cewa kai ma'aikacinta ne, ta sa hannu ta buga hatimi. Alhaji Nagoda da kansa yake kawo maka takardar har gida. Aurenka da 'yar gari bai mayar da kai ɗan ƙasa ba, kai kuma ba ka taɓa nema ba, saboda ka yi wa mahaifiyarka alkawarin za ka koma a binne ka kusa da ita. Sai yaƙi ya ɓarke a Sudan. Unguwarku ta watse, danginka suka bazu, fasfonka kuma ya zo ƙarshe a daidai lokacin da komai ya tsaya. Ka yi ta zirga-zirga zuwa Abuja da tsufanka har Allah ya sa ka samu sabo. Abin da ya rage shi ne takardar makaranta.

A lokacin Alhaji Nagoda ya riga ya rasu, ɗansa Mujahid ne ke riƙe da makarantar. Mujahid ɗin da ka koya wa alif. Ya riga ya yanke a ransa cewa ka tsufa, yana son matasa masu koyarwa da kwamfuta. Wannan hakkinsa ne, babu wanda ya ce dole. Da ya fito ya ce maka, "Malam, ka huta," da mun san inda muka dosa, da mun nemi wata hanya tun da sauran lokaci. Amma bai sallame ka ba, bai kuma sa hannu ba. Yana tsoron a ce ya kori abokin ubansa, yana kuma ƙyashin ya ɗaure kansa da kai. Sai ya zaɓi ya bar ka a tsakiya har ka gaji da kanka.

Sau ɗaya na raka ka ofishinsa. Muka zauna a benci tare da iyayen yara masu neman gurbi, tun safe har rana ta take. Malaman da ka horar suna wucewa suna sunkuyar da kai. Da aka ce mu shiga, Mujahid ya miƙe da fara'a, ya ce, "Baba, da kanka? Ai da ka aiko."

Ka ce, "Na aiko, Mujahid. Sau da yawa."

Ya ce, "Wallahi abin yana raina. Kwamiti ne bai zauna ba. Ka san yanzu ba kamar zamanin Alhaji ba ne, komai sai an bi tsari."

Na kasa haƙuri na ce, "Ranka ya daɗe, izinin Malam ya kusa ƙarewa. Layi uku ne da hatimi."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai kuma a wane matsayi?"

Ka dafa mini hannu, ka ce mu tafi. Muka kamo hanya har muka kusa gida. Ka ce, "Yana da gaskiya, Yusha'u. Ni da kai ba mu da matsayi."

Kwamitin bai taɓa zama ba. Izini ya ƙare. Banki ya dakatar da asusunka har sai ka kawo sabuwar takarda. Ba na ganin laifin ma'aikatan da suka bi doka, aikinsu suka yi, kai ma haka ka ce. Abin da ya karya ka shi ne, kai da ka shekara da shekaru kana hana baƙi zama ba bisa ƙa'ida ba, ka wayi gari kai ne ba ka da takarda. Ka daina zuwa kasuwa. Ka daina zama a zaure. Baƙo ya zo neman shawara, ka aiko a ce ya je wurina, wai ba ka da bakin yi wa wani nasiha.

Mun bi tsofaffin ɗalibanka. Akwai lauya a cikinsu, akwai babban ma'aikaci, akwai masu hawa mumbari. Abin da muka roƙa kaɗan ne: ɗaya ya taka ya je ya yi wa Mujahid magana da nauyinsa, ko ya ɗauke ka a tasa makarantar ya tsaya maka. Kowa ya ce, "Subhanallahi, Malam ɗinmu? Bari za mu yi magana." Wani ya ce maganar baƙi tana da wuya a wannan zamani, kada mutum ya jefa kansa. Wani ya daina ɗaukar waya. Ni da nake son tsaya maka, sa hannuna ba ya aiki, domin ni ma wani ne ya tsaya mini.

Ana cikin haka ciwon ya tsananta. Likita ya ce ka je Kano ka ga wani ƙwararre. Ka ƙi. Hajiya ta yi kuka, 'yarka Sumaiya ta durƙusa a gabanka, ka ce ba za ka hau hanyar da ke da shingayen bincike ba. Na ce maka da wuya a tambayi dattijo mara lafiya takarda. Ka ce, "Idan aka tambaya fa? A sauke ni a gaban matata, in tsaya a gefen titi ina rantsuwa cewa ni mutumin kirki ne? Ko in yi ƙarya in ce ni ɗan Zariya ne? Ban yi ƙarya ina saurayi ba." Ka ce a bari takarda ta fito tukuna. Da haka aka yi ta ɗagawa har ƙafafunka suka kumbura.

Na sani, kuma na yi imani, cewa ajali ba ya gaba ba ya baya. Ko da an kai ka Kano, ranar nan ta Alhamis ranarka ce. Ba na cewa wani ya kashe ka. Amma wulaƙancin da ka sha a shekararka ta ƙarshe ba ciwon zuciya ne ya kawo shi ba. Mutane ne suka yi shi, da hannunsu, suna murmushi, suna kiranka Baba.

Sai ga su ranar jana'iza. Motoci sun toshe layin har bakin titi. Waɗanda suka daina ɗaukar waya su ne a sahun gaba. A zaman makoki Mujahid ya tashi, muryarsa tana rawa, ya ce Malam uba ne gare shi, kuma makaranta ta yanke shawarar sa wa sabon ɗakin karatu sunanka. Ashe kwamiti yana iya zama cikin yini ɗaya. Jama'a suka yi ta kabbara. Ni kuwa ina kallon ƙasa.

Hajiya Naja'atu ce ta ba da amsa, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta aiko Sumaiya daga cikin gida, ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Inna ta ce a gode wa Alhaji Mujahid. Ta ce a bar sunan Baba ya huta. Ta ce akwai Malam Auwal, mutumin Chadi da ke koyar da ƙananan aji, shi ma takardarsa tana kan teburin nan tun bara. In ana son a girmama Baba, a sa mata hannu."

Mujahid ya ce in sha Allahu. Har zuwa yau da nake wannan rubutu Malam Auwal bai karɓi komai ba, kuma yana da mata da 'ya'ya ƙanana. Saboda haka na rubuta sunaye ban sakaya ba. Ku da kuka yi kuka a maƙabarta, ga dama ta biyu, mutumin yana raye, yana nan bayan masallacin Juma'a. Ba ya bukatar a yabe shi. Ku taka ku je.

Sumaiya ta gaya mini cewa ana saura kwanaki ka rasu ka ce ka yafe wa Mujahid da kowa, ka ce kada a riƙe yaron da zuciya, ubansa mutumin kirki ne. Na yarda ka faɗa, halinka ne. Ni dai ban kai can ba tukuna, ina roƙon Allah ya kai ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Naja'atu, wadda ta ciyar da mu ba ta san iyayenmu ba, da Sumaiya da ƙannenta Suhaibu da Firdausi, da jikoki. Ina miƙa ta ga ƙanwarka da ke gudun hijira a Masar, wadda ta ji labari ta waya, ta yi ta tambaya ko an samu masu yi maka salla. An samu, ƙanwar Malam, sun yi yawa. Ina miƙa ta ga dukkan baƙin Zariya da suka wayi gari ba su da zauren zuwa.

Ya Allah, bawanka Sharfaddeen ya zo maka daga ƙasar da ba tasa ba. Ka karɓe shi da rahama, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka saka masa da kowane baƙo da ya saukar da kowace gawa da ya suturta. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljannar Firdausi, tun da ƙasa ba ta haɗa su ba. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka tsaya musu. Mu kuma da muka rage, ka sa mu ji kunyar rayayyu kafin mu yi kukan matattu, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.