Rawanin da Yaya Haruna ya sauke daga bakinsa

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Yaya Haruna makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan tara iyali a yi masa sauka, a raba sadaka, a watse. Bana na ga wannan bai ishe ni ba. Akwai maganar da ke tsakanina da shi wadda ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba, kuma yanzu ta dawo ta same ni a cikin bakina. Na fara rubuta ta da ajami kamar yadda mahaifinmu ya koya mana, sannan na mayar da ita boko domin masu karanta wannan shafi.

Wanda ya san kasuwar hatsi ta Gadarif, a nan Sudan, a wancan lokaci ya san Haruna dillali. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara shida. Ni aka zaunar a gaban allo, shi ya bi kasuwa. Aikinsa a haƙori yake. Idan lori ya sauke dawa daga Simsim ko Ƙala'at an-Nahal, sai ya zura hannu can cikin buhu, ya ɗebo 'yan ƙwayoyi, ya ɗora ɗaya a haƙoran gaba ya ciza. In ta ce ƙas, ta bushe, a kai ta rumbu hankali kwance. In ta lotsa, da sauran danshi, za ta ruɓe ta ruɓar da 'yan uwanta. Manyan 'yan kasuwa sukan tsaya da kuɗinsu a aljihu suna jiran haƙorinsa ya yanke hukunci. Ga shi da dariya. Daga bakin ƙofar kasuwa kana iya sanin rumfar da yake zaune.

Wata kaka ya je gona a Simsim duba kaya, injin sussuka ya ƙi tashi. Ya karɓi ƙarfen da ake murɗawa a tayar da shi, injin ya kama, ƙarfen ya dawo da baya ya same shi a baki. Haƙora huɗu na sama suka tafi nan take. Muka gode wa Allah da abin bai kai ido ba. Raunin ya warke cikin 'yan makonni, mu kuma muka ɗauka magana ta ƙare.

Abin da na fara lura da shi bakin rawaninsa ne. Ya koyi jawo shi ya rufe leɓensa na sama, wanda ya faɗa ciki ya mayar da shi kamar tsoho alhali bai tsufa ba. Kasuwa kuwa, zai iya gwada dawa da haƙoran gefe, sun fi ƙarfi ma. Amma kafin ya yi haka sai ya sauke rawani ya buɗe baki a gaban mutane, shi kuma wannan ne ba zai iya ba. Ya fara cewa yau ba ya jin daɗi, gobe yana da baƙi, har rumfarsa ta zama ta wani.

An yi masa haƙoran roba masu cirewa. Ya ɗan samu sauƙi da su, sai wani azumi. Kun san al'adarmu, kowane magidanci yakan fito da farantinsa bakin titi, a shimfiɗa tabarmi, a sha ruwa tare da maƙwabta da duk matafiyin da magariba ta kama. Ran nan wani ya yi barkwanci, Yaya ya manta kansa ya tuntsire, haƙoran suka zame suka faɗi a kan tabarma kusa da kwanon asida, tuwonmu na nan. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba. Ya ɗauka, ya sa a aljihun jallabiya, ya tashi. Daga wannan rana ni nake fitar da farantinsa. In an ce ina Haruna, sai in ce yana ciki, jiki ne.

A shekara ta uku da hatsarin ya same ni a rumfar gidana bayan la'asar. Ya daɗe yana juya finjalin kofi kafin ya ce, "Faki," wato malam, haka yake kirana tun ina yaro don tsokana, "an ce a Khartum ana dasa haƙori a cikin ƙashi, ya zauna kamar na halitta. Ya halatta?"

Ban buɗe littafi ba. Ban ce ya ba ni kwana biyu ba. Na ce, "Yaya, abin da Allah Ya karɓa, haƙuri ya fi. Wannan ado ne. Ka haura hamsin, wa za ka yi wa kwalliya? Kuma ka so a binne ka da ƙarfe a baki?"

Ya ce, "To." Ya shanye kofinsa ya tafi.

Na sha tuna wannan "to" ɗin. A lokacin na ji daɗin kaina, ina ganin na tsare ɗan'uwana daga son duniya. Ashe tsorona na abin da ban sani ba na ɗauko na naɗa masa rawanin addini. Shi kuma, da yake ya yarda da karatuna fiye da yadda ya cancanta, ya koma ɗaki ya ƙara shekara biyar.

Matarsa Yaya Hawwa ce ta kwance abin. Ta shigo gidana wata safiya, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Faki, yaushe rabonka da ganin wanka yana cin abinci?" Na fara lissafi. Ta ce, "Kar ka wahalar da kanka, ni ma da nake dafawa bayansa nake gani. Bango yake fuskanta. Auren Maryama bai shiga hoto ba, 'yar cikinsa. Kai ka ce masa ado ne. To je ka buɗe littattafan nan da ka tara, in ka samu inda aka ce mutum ya ƙare rayuwarsa yana kallon bango, ka zo ka karanta mini in ji."

Na buɗe. Ban ma yi nisa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta canza halitta don alfahari da gyara abin da ya lalace, har ɗaure haƙori da zinariya sun yi magana a kai. Na tambayi waɗanda suka fi ni sani, suka ce mini wannan magani ne, kuma mamaci ba a wahalar da shi don cire abin da ya zauna a jikinsa. Na je na faɗa wa Yaya, kaina a ƙasa. Ya dube ni ta saman rawani ya ce, "Shekara biyar kana karanta shafi ɗaya, ya Faki? Allah Ya jiƙan Baba, da ya san haka da kai ya tura kasuwa."

Ni na raka shi Khartum. Ban taɓa ganinsa cikin tsoro irin na wannan tafiya ba. Mutumin da ke shiga tsakanin 'yan dako masu faɗa ya raba su, ga shi a mota yana jan carbi yana tambayata ko ana farkawa daga allurar barci. Na ce ba ma barci za a sa shi ba, wurin kawai za a kashe. Bai yarda ba. Da muka sauka ya nemi takarda ya rubuta wasiyya da ajami, ya ninke, ya ce in kai wa Hawwa in abin ya zo da ƙarar kwana.

Likitar mace ce, mai sanyin magana. Ta ɗauki hoton ƙashin, ta auna masa sukari, ta sa ya yi alkawarin barin tumbak, garin tabar nan da yake cusawa a leɓe. Sannan ta nuna mana hoton ta ce ƙashin wurin ya sirance saboda daɗewa babu haƙori, sai an ƙara masa an jira ya kama kafin a dasa komai. Ta ce da ya zo da wuri, da aikin ya fi sauƙi. Yaya bai ko kalli inda nake ba. Da ya zage ni da ya fi mini.

Aikin ya ci kusan shekara, ana zuwa ana komawa. Ranar da aka dasa 'yan ƙarafan, masu kama da ƙananan ƙusoshi, ya fito yana mamaki, ya ce, "Shi ke nan? Wallahi cire ƙaya a ƙafa ya fi wannan zafi." Kumburin kwana uku ya sa ya janye maganar, amma tsoron bai dawo ba. Ranar da aka ɗora haƙoran ta ba shi madubi. Ya daɗe yana kallo. Bai yi murmushi ba. Ya taɓa leɓensa, wanda ya dawo mazauninsa, ya ce a hankali, "Assalamu alaikum, Haruna." A mota muna dawowa hannunsa bai daina zuwa bakin rawani ba. Sai ya jawo, ya tuna, ya saki. Ƙashi ya riga hannu warkewa.

Azumin da ya biyo baya, ina shirin ɗaukar farantinsa sai ya ce in ajiye. Ya ɗauka da kansa ya fito titi. Wani maƙwabcinmu ya ɗaga murya ya ce, "Ya zol, mutumina, wannan angon na wace unguwa ne?" Yaya ya ce, "Na unguwar da ake cin asidarta shekara takwas ba a ga mai ita ba." Aka fashe da dariya, tasa ta fi ta kowa. Na juya na ga Yaya Hawwa a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi.

Kada in yi ƙarya, sabbin haƙoran ba su zama na da ba. Likita ta hana shi cizon busasshiyar ƙwaya da su. Sai da ya koyi wanke su da kulawa, sau ɗaya dasashin ya kumbura muka koma. Amma ya koma kasuwa. Yakan tsaya a tsakiyar jama'a, rawani a kansa inda ya dace, ya wage baki ya ciza dawa da haƙoran gefe, waɗanda suna nan tun farko. Shekara huɗu ya yi a haka. Zazzaɓin damina ya kama shi a Hawata, inda ya je ganin Maryama, kwana shida Allah Ya karɓi abinsa. Ni na yi masa wanka. Na ga haƙoran, na tuna tambayar da na tsorata shi da ita, na rufe masa baki na ɗaure haɓarsa, muka kai shi da su.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga Gadarif ta yau. Yaƙi ya koro mutane sun cika gari, cikinsu har da likitocin da muke kwana a hanya don mu gani. Aikin da ya ci mana shekara ta zirga-zirga yanzu ana yinsa a cikin gari. Na san wani zai ce, a wannan hali da mutane ke neman abin da za su ci da inda za su kwanta, wa ke ta haƙori? Gaskiya ne, aikin da tsada, kuma ba kowane baki ne zai karɓe shi ba, likita ne zai duba ya faɗa. Amma Yaya da ya zaga kasuwa zai gane mutanensa da kallo ɗaya: saurayin da bai rabuwa da takunkumi alhali ba mura yake ba, matar da ke magana ta bayan mayafi, dattijon da kullum ya riga ya ci a gida. Ba zai ce musu ado ba ne. Ya san abin da bango yake yi wa mutum.

Cikinsu har da ni. Daminar bara haƙorana biyu na gaba suka yi ta girgiɗi har suka fita. Na ce tsufa ne, alhamdu lillahi. Sai na lura na rage ɗaga murya a karatu. Aka kira ni ɗaurin aure na tura wani. A makon jiya Yaya Hawwa ta zo maganar saukar bana, ta same ni na jawo bakin rawani. Washegari ta dawo da wasiyyar nan ta Khartum, wadda na ba ta bayan rasuwarsa ban buɗe ba. Ta ce, "Akwai naka a ciki."

Rubutunsa ne, mai karkata, babu wasali a rabin kalmomin. Bayan maganar gida da 'ya'ya, a can ƙasa ya rubuta: "Faki, na yafe maka. Amma in wani ya kawo maka irin tambayata, kafin ka ce ya yi haƙuri, ka tambaye shi a ina yake cin abincinsa."

Na tambayi kaina. Wata uku ke nan ina ci a ɗaki.

Bai bar gini mai sunansa ba, rumfarsa ma an rushe ta an yi shaguna. Abin da ya rage nasa shi ne 'ya'ya masu yi masa addu'a, da dillalan da har yau in sun ciza dawa sukan ambace shi, da wannan layi guda da ya fi mini shafuka da yawa da na haddace. Na riga na je an ɗauki hoton ƙashin, likita ya ce kada in ɓata lokaci. Ranar Lahadi za a fara. Tsoro ina ji, ba zan ɓoye ba, carbina ma ya shaida. Amma in Allah Ya kai mu azumi, da hannuna zan fitar da farantina, in zauna a gefen tabarmar da Yaya yake zama.