Randar da Ta Daina Gumi

Duk direban da ke bin hanyar Sinja zuwa Damazin ya san darbejiyar Malam Bilyaminu, wadda ke bakin titi idan an wuce Abu Hujar kaɗan. A ƙarƙashinta akwai randuna uku a jere kan ƙarfe, da moɗa ɗaure da igiya. Mutanen wurin suna ce wa irin wannan ruwan sadaka sabil, kowa ya zo ya sha ya wuce, ba a tambayarsa daga ina yake. Shekara talatin da ɗoriya ke nan Bilyaminu yana cika su kullum da safe, kafin ya leƙa gonar albasarsa ta bakin kogi.

In ka tambaye shi zai ce don Allah yake yi, ba ya neman yabon kowa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai da hantsi ya yi za ka same shi a kan gadon igiyarsa, carbi a hannu, ido a kan fuskar mai sha. Idan mutum ya sauke moɗa ya yi ajiyar zuciya, sai Malam ya gyara zama kamar shi ya ƙirƙiro ruwa. Idan kuwa ya sha ya juya bai ce komai ba, Malam kan bi bayansa da kallo har ya shige mota, sannan ya gaya wa carbinsa cewa tarbiyya ta yi ƙaranci a duniya.

Randuna biyu na gefe saye ya yi a kasuwa, kuma ya sauya su ya fi sau goma. Ta tsakiya ce ba a taɓawa. Mahaifiyarsa, Inna Asabe, maginiyar tukwane ce, ita ta gina ta da hannunta a shekararta ta ƙarshe, ta ce masa in ta rasu ya ajiye ta a bakin hanya, duk wanda ya sha ya ji sanyi ladan ya iske ta. Saboda haka ko baƙo ya nufi ta gefe, Bilyaminu sai ya karkato shi da ƙafa ko da haɓa zuwa ta tsakiya. A wajensa, muddin ruwan randar nan na da sanyi, bai yanke wa uwarsa saƙo ba.

To, sai zafi ya sauya hali. A da akan san lokacinsa, wata biyu zuwa uku kafin damina, a daure ya wuce. Yanzu tun sanyi bai gama tattara kayansa ba yake isowa, kuma ba ya tafiya sai ya ga dama. Itatuwan bayan gari sun zama gawayi, iskar da ke tasowa daga manyan gonakin inji tana isowa kamar daga bakin tanda. Masu zuwa daga Sannar suna cewa can ma ya fi muni, kwalta na kama takalmi da azahar. Bilyaminu ya naɗe randunan da jiƙaƙƙen buhu, ya ƙara musu rumfar zana, ya matsar da su yamma, ya dawo da su gabas. Na gefen suka ci gaba da ƙoƙarinsu. Ta tsakiya kuwa ta daina sanyaya ruwa.

Ranar da abin ya fito fili, wani direban babbar mota mai suna Salihu, wanda ya shekara ashirin yana tsayawa a wurin, ya kurɓa ya dube shi.

"Ya Hajji, moyan ga sauran ganyen shayi kaɗai ya rage mishi," in ji shi, yana nufin ruwan. Ya juye sauran a injin motarsa, ya ɗebi na randar gefe ya sha.

Da Malam ya shiga gida bai bar kowa ba. Ya zagi masu gawayi, ya zagi masu manyan gonaki, ya haɗa da Turawan da ake cewa hayaƙinsu ne ya ɗumama duniya, ko da yake bai taɓa ganin ɗayansu ido da ido ba. Matarsa Nasiba tana tankaɗe, ta bar shi ya gama tas, sannan ta tambaye shi ko randunan gefe a wata ƙasa suke zaune da ba ta da rana. Ta ce ya je ya shafa jikin ta tsakiyar ya ji. Randa da gumi take sanyaya ruwa, wannan kuwa laka da gishirin shekara talatin sun toshe ta, ta bushe ƙayau kamar bango. A da sanyin asuba ke rufa mata asiri, yanzu asubar ma ba ta da sanyin da za ta ara wa kowa. Maganinta ɗaya ne, a mayar da ita wuta ta buɗe.

Bilyaminu ya san haka, ɗan maginiya ne. Ya kuma san tsohuwar randa ba kasafai take fitowa daga wuta lafiya ba, tsoron da ya hana shi ke nan. 'Yarsu Sawsan, wadda ke koyarwa a Sannar kuma Hausarta sai an yi haƙuri da ita, ta ce ta waya za ta aiko da babbar kula ta roba. Ya ce mata uwarsa ba ta san roba ba, ladan ba zai gane hanya ba.

Sai ya yi wata dabara wadda a ganinsa ba a taɓa yin irinta ba. Amininsa Alhasan fataucin kifi yake yi, kullum ana kawo masa ƙanƙara. Bilyaminu ya riƙa bi ta wurinsa da sassafe, ya karɓo guntu a cikin buhun albasa, ya waiga dama da hagu, ya zura shi cikin randar tsakiya. Kwana tara aka yi ana shagali. Direbobi suna sha suna riƙe haƙora, suna yi wa Inna Asabe addu'a har da ɗaga hannu. Wata tsohuwa ta ce wannan karama ce, ta ɗura a gora za ta kai wa jikarta mai zazzaɓi. Malam yana zaune yana sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Nasiba kuwa ta ga buhun albasa yana ɗiga kullum, ta lura kuliyoyin unguwa sun fara raka mijinta har bakin titi.

A rana ta goma Salihu ya dawo daga Damazin. Ya sha, ya lumshe ido, sannan ya sa yatsa a harshe ya ciro wani abu mai sheƙi ya ɗaga shi a rana. Ɓawon kifi ne. Mutum shida ne a wurin, babu wanda bai gani ba.

"Masha Allah," in ji Salihu a hankali. "Albarkar Inna ta kai har randa ta fara haihuwar karfasa."

An yi dariya, shi ma Malam ya taya su da baki. Amma da suka watse ya daɗe a zaune, kunya ta rufe shi, kuma ba kunyar direbobi ba ce. Kwana tara yana aika wa uwarsa addu'ar da aka yi wa ƙanƙarar Alhasan, abin da ya tsaya masa a rai ke nan. Ya shiga gida ya ce wa Nasiba a tara kara.

Washegari da safe suka kifa randar a bayan gida, suka lulluɓe ta da karan dawa da busasshen kashin shanu. Hajiya Amina, maginiyar da ta koyi sana'a a hannun Inna Asabe, ita ta zo ta kunna wutar. Bilyaminu yana zagayawa yana ba ta umarnin da ba ta nema ba. Wuta ta ci ta fara lafawa, har ya soma cewa ai ya san aikin Inna ba irin na yanzu ba ne, sai aka ji ƙas, ƙara ɗaya ba mai ƙarfi ba.

Da toka ta huce aka tone, randa ta rabu gida huɗu. Malam ya tsuguna yana haɗa ɓangarorin suna zamewa, hawaye na zuba a gemunsa, bai ma damu da matan da ke tsaye ba. Cewa yake yi da ya sani ya bar ta da ɗuminta.

Hajiya Amina ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ce ya tashi ya daina ɓata musu kaya. Ta tambaye shi ko yana tsammanin da yumɓu zalla Inna ta gina wannan randar. Ba a gina randa sai an daka tsohon kasko an cuɗa a cikin sabon yumɓu, shi ke ba ta ƙarfi da hanyar gumi. A gabanta, in ji ta, Inna ta daka fasasshiyar randar kakarsa, wadda aka gina tun zuwan kakanninsu daga yamma, ƙasar Hausa, ta zuba a cikin wannan.

"Kai kaɗai ka tsai da ita shekara talatin, Malam," in ji ta. "Kawo turmi."

Nasiba ta miƙa hannu za ta karɓi taɓarya, ya hana ta. A garin nan ba a taɓa ganin dattijo mai furfura yana daka ba, nan da nan matan maƙwabta suka cika katanga, suna gyara masa riƙo suna ƙunshe dariya. Bai iya ba ko kaɗan, rabin dukan a bakin turmi yake sauka. Bai ɗago ya dube su ba. Ya daka ɓari uku har suka zama gari, gumi ya jiƙa masa riga. Na huɗun, gindin randar ne, ya riƙe shi a ƙirji na ɗan lokaci, ya tambayi Hajiya Amina ko garin zai ishi randa nawa. Ta ce in an yi tattali, uku.

Ya saka shi a turmin, ya ce to duka ukun za a gina.