Ɗan Farin Riskuwa Ba Ya Kan Taswira

Duk layinmu a Gesse ba mai kiran Dinatu da sunanta, sai Maman Obed. Obed ne ɗanta na fari, kuma in ta fara labarinsa, wallahi sai ka nemi wurin zama. Daga wajen Jos ta zo Birnin Kebbi tun tana amarya, yanzu Sakkwatancinta ya fi nawa kauri, ni da aka haifa a nan. Katanga ɗaya ce ta raba mu, don haka na san fitarta da shigarta.

Ma'aikaciyar lafiya ce, irin masu bin gida-gida. Da wasu masu bincike suka zo suna son sanin inda zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara a bakin gulbin Rima, sai suka ba ta waya mai taswira. Duk gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, za ta tsaya a ƙofarsa ta danna, kowane yaro ɗigonsa ya fito. Waɗannan ɗigogin masu raba maganin rigakafi za su bi in damina ta sauka. Inda babu ɗigo, ba wanda zai je. Na sha tsokanarta, na ce an mai da ta mai zanen lalle. Sai ta ce, "Ke dai yi ta dariya, kowane ɗigo rai na."

A wani ƙauye bayan Ambursa ta shiga gidan wata matashiya, Riskuwa, tana goye da jaririya. Ta ce mata, "Ɗiyanki nawa na?" Riskuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Wagga ta, Malama." Dinatu ta danna ɗigo ɗaya ta wuce.

To ai Riskuwa ba ƙarya ta yi niyya ba. A wajenmu mace mai kunya ba ta ambaton ɗanta na fari, ba ta lissafa shi a gaban mutane, balle surukarta na zaune tana jin su. Dinatu ta san wannan sarai. Amma matar da ake kira da sunan ɗan farinta safe da yamma, ina za ta tuna a tsakiyar rana, ga ƙauyuka na jiranta?

Sai da ruwa ya yi nisa ta koma ƙauyen tare da masu raba magani. Tana ba jaririyar, wata tsohuwa mai fura, Hamida, ta ce, "Shi wancan da ag ga kakarshi cikin fadama, ba a ba shi?" Dinatu ta ce min nan take ta ajiye maganin ta hau tambaya. Ashe akwai yaro, Mujtaba, da aka kai wa mahaifiyar Riskuwa yaye, ya zauna can a bukkokin masu noman shinkafa. A hoton sama da ke cikin wayar, wanda aka ɗauka da rani, wurin fili ne kawai.

Ruwa ya riga ya yanke hanya. Dinatu da ke tsoron ko da kududdufi ta shiga kwalekwale tana ta kiran sunan Yesu, mai tuƙi yana ta yi mata dariya. Ta tarar da bukkoki cike da yara, ba ko ɗaya a taswira. Mujtaba kuwa yana kwance, jiki kamar garwashi, idanu sun juye. Ta dangwala ɗigoginta a tsaye, ta saɓa yaron, kakar na biye da ita, suka yo asibiti a Birnin Kebbi.

Na kai musu abinci washegari, na ga abin da ya ba ni haushi. Kaka ce a bakin gado. Uwar yaron tana can waje ƙarƙashin dogon yaro, ko leƙowa ba ta yi. Na ce wa Dinatu, "Wannan wace irin uwa ce?" Ta harare ni ta ce, "Dubi kwanonta." Tuwon jiya ne, ba a taɓa ba. Duk wanda ya fito daga ɗakin, sai Riskuwa ta bi fuskarsa da kallo, ba ta iya tambaya. Na ji kunya, kuma ta ba ni tausayi ƙwarai.

Allah Ya sa yaron ya tashi. Tun daga nan Dinatu ba ta tambayar uwa ita kaɗai, sai ta nemi tsohuwar gida ko maƙwabciya, kuma masu binciken sun sa a bi fadamun Zauro har Argungu da damina a sake dubawa.

Ranar sallama, Riskuwa ta matso kusa da Dinatu, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malama, yaron ga, kin sa mai nashi?" Dinatu ta buɗe taswirar ta nuna mata ɗigon a tsakiyar fadama. Riskuwa ta waiga ta ga ba mai kallonta sai mu biyu, sannan ta ɗora yatsanta a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba.