Cikin Rigar Auta

Kunnuwa muke ce mata, don tana zaune kan keken ɗinkinta za ta gaya miki famfon maƙwabta yana ɗiga. Shekara goma sha ɗaya shagonta yana jikin shagona na kitso, bango ɗaya ya raba mu. Idan na kunna injin busar da gashi sai ta ƙwanƙwasa bangon da almakashi sau biyu, in rage. Da farko na ɗauka iyayi ne. Sai da muka shaƙu na san duk ranar da layinmu ya cika da hayaniya, sai ta rufe kanta a ɗaki rabin awa kafin ta iya amsa sannun mijinta.

Autarta ta ɗauko ta sak. Ba ta son safa, kuma idan aka yi wa wani tsawa a aji ita ke kuka. Kakarta ta ce sangarta ce. Babanta, direban babbar mota, ya ce girma zai raba ta da shi. Wata rana Kunnuwa ta ji wata mai binciken halayyar mutane a rediyo tana cewa akwai waɗanda ake haifa suna jin komai fiye da sauran, ƙara da haske da ɓacin ran wani, kuma ba ciwo ba ne. Ta shigo shagona da zare a baki.

"Ƙawata, ashe ba iyayi nake ba."

Na ce ban ji matar ta ce a riƙa dukan bangon mutane ba.

Daga nan ta shiga bin diddigin yarinyar. Sai ta goga mata ƙyalle uku a wuya ta tambaye ta wanne ke ƙaiƙayi. Ina yi mata dariya, ban taɓa tambayar abin da ta gano ba. Jinyar wata uku Kunnuwa ta yi bara, ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Da rigar makarantar Auta ta yi mata kaɗan, babanta ya sayo sabuwa a kanti, launi ɗaya, komai ɗaya. Yarinya ta ƙi makaranta kwana huɗu. Shugabar makarantar ta aiko cewa jarabawa Litinin, in ba ta zauna ba sai maimaita aji. Babanta ya kawo mini ita ya ce ya yi lallashi ya yi faɗa, kowa kuma ya ce kewar uwa ce. Ni ma haka na zata. Na zaunar da ita kan kujerar kitso na tambaye ta a hankali.

"Anti, rigar ce take cizona."

Na sa aka kawo tsohuwar rigar, na juya cikinta. Babu ɗinki ko ɗaya a buɗe. Kowanne Kunnuwa ta lulluɓe shi da siririn ƙyalle mai laushi, na kuma gane ƙyallen, tsohon ɗankwalina ne da ta roƙa ta ce ya sha wanki ya yi daidai. Ta cire tambarin wuya. Ƙullin zare duk ta fito da shi waje ta ɓoye ƙarƙashin kwala. Shekara nawa tana wannan aiki, ko mijinta bai sani ba.

Ni ban iya keke ba, sai allurar da nake ɗinke ƙarin gashi. Na yanka wani tsohon ɗankwalin, na yi yamma biyu ina lulluɓe ɗinkin sabuwar rigar, ɗinkina kamar tafiyar kaguwa. Auta ta saka, ta ɗaga hannu, ta tsaya shiru kamar uwarta idan tana sauraron famfo. Ta ce saura guda a hammatar hagu. Na duba, ƙulli ne ɗaya da bai kai ƙwayar gero ba. Na warware, na fito da shi waje.

Ranar Litinin ta biyo ta ƙofar shagona da jakarta. Ta ce rigar ta daina, amma injin gashina ya cika ƙara. Na rage.