Ladanin da ya bar kiran salla saboda ƙwari

Da an idar da sallar asuba, tun raɓa ba ta bushe ba, Malam Ashiru Maman yakan tura kekensa ya nufi lambunan bakin tafkin Madarumfa. A bayan keken akwai raga da ya ɗinka da tsohon gidan sauro, da ɗan tiyo na roba, da jaka cike da ƙananan kwalabe. Yakan shiga kuɓewa da wake da yakuwa yana kaɗa ragar a kan ganye, sannan ya tsugunna ya sa tiyon a baki, ya zuƙo abin da ya kama zuwa cikin kwalba. Abin kamun bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wasu korayen ƙwari ne masu tsotsar ruwan ganye, in ka kai hannu su yi tafiyar kaikaice, su yi tsalle su ɓace. 'Yan boko suna ce masu sikadel, shi yana ce masu 'yan tsalle, mu kuwa ba mu taɓa damuwa mu raɗa masu suna ba. Shekara ashirin da takwas ya yi yana wannan aiki, a watan jiya ya ajiye aikin gidan gona.

Ni tsohon malamin kimiyyar halittu ne a kwaleji, ƙofar gidana tana kallon tasa. Ina da laifi a cikin labarin nan, kuma zan faɗe shi in an zo wurin.

Wani porje, wato shirin bincike na ɗan lokaci, shi ne ya ɗauke shi tun yana sabon malamin gona, aka koya masa kamu da ajiya. Bayan shekara uku porje ya naɗe tabarmarsa, masu shi suka tafi, suka ce ya riƙe kwalaben za su aiko a ɗauka. Har yau ba su aiko ba. Da wani ne, da ya zubar da ƙwarin ya ba mai ɗakinsa kwalaben ta zuba turare. Ashiru sai ya ci gaba da kamu kamar gobe za a zo.

Aikin yana da ƙa'idoji, kuma bai taɓa karya ko ɗaya ba. Kowace shuka da kwalbarta, ba ya haɗa na wake da na kuɓewa. Sunan wuri da rana da shuka yakan rubuta su da fensir a 'yar takarda ya jefa cikin kwalbar, don tawada narkewa take yi. Da yake ba shi da firigo na sanyaya kaya, sai ya binne randuna uku a yashi cikin ɗakin ajiyarsa, ya jera kwalaben a ciki, kullum yana yayyafa wa yashin ruwa. Ruwan da ke hana ƙwarin ruɓewa kuwa alkol ne, sinadarin da ke cikin giya, amma irin na asibiti, wanda zafin ƙasarmu yake shanyewa ko da an toshe kwalba. Saboda haka duk tsayuwar wata sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙara masu.

Alkol ɗin nan ne ya jawo masa. Ashiru shi ne ladanin masallacin unguwarmu, ya gaji mahaifinsa, kuma Allah ya ba shi murya. In ya kira la'asar, masunta a cikin tafki suna ji. Sai aka fara cewa ana jin wani wari a jikinsa. Ɗan Baba mai shayi ya rantse ya gan shi ya fito daga farmasi, kantin magani, a Maraɗi da jarka. Kafin sati ya zagayo, magana ta gama unguwa cewa ladan yana sha.

Liman Garba bai ɗauki ji-ta-ji-ta ba, ya taka da ƙafarsa ya je ya duba randunan, ya tabbata ba sha ake yi ba. Ya ga har riga dabam Ashiru ya ware ta aiki, yana wanke hannu ya sauya tufa kafin ya nufi masallaci. Amma wasu suka kafe a kan cewa alkol najasa ne, ba za su amsa kiran mai taɓa shi ba, har suka fara tafiya wani masallaci. Don kada jama'a ta tsage, liman ya kira shi ya ce ya zaɓi ɗaya, ko kwalabe ko ladanci.

Ina zaune a wurin. Ashiru ya ce, "Allah shi gafarta malam, kiran salla in na bari, wani shi kira, salla ba ta faɗuwa. Kwalaben nan in na bari, ba mai zuba masu, wata biyu sun bushe. Amana ce aka bar mani."

Liman ya ce, "Masu amanar sun mance da kai, Ashiru."

Ya ce, "Ni ban mance ba."

Ga laifina. Duk wanda ke wurin ya juyo ya dube ni, don ni ne mushen lakwal, malamin makaranta, ni na san amfanin alkol a aikin kimiyya. Kalma uku daga bakina da sun kashe maganar. Sai na yi dariya na ce ai mutumin da ya tsaya a firamare ba ya zama masani don ya tara ƙwari a randa. Hassada ce, ba wani abu ba. Ina da takardar shaida, shi yana da aikin, abin ya tsaya mani a wuya. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar nan nawa ya ɗaure ni.

Aka naɗa wani ladan. Ashiru ya koma ƙarshen sahun baya, bai fasa jam'i ko sau ɗaya ba. Mai ɗakinsa Ɗelu ta faɗa wa tawa cewa ranar farko da ya ji muryar wani a lasifika, ya shiga ɗakin randuna ya rufe ƙofa ya yi kuka. Ta ce ta roƙe shi ya zubar da tsiyar nan ya huta da bakin mutane, ya ƙi. Ta ce shekara da shekaru, in ana kira, tana ganin leɓensa yana motsi.

Shekara goma sha shida aka yi a haka. Sai ga wata damina da ganyen kuɓewa da yakuwa ya fara nannaɗewa, ya yi rawaya, ya yi ja, ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Matan da ke rayuwa da lambu suka rasa ta cewa. Wasu suka ce rashin taki ne, wasu suka ce ƙwarin da aka saba da su ne suka yi yawa, a ƙara feshi. Ashiru ya duba da ɗan gilashinsa ya ce wannan yana da baƙin ɗigo a fiffike, bai taɓa ganin irinsa ba, baƙo ne. Wa zai saurari wanda ake yi wa kallon mashayi?

Wadda ta saurara ita ce Hafsa, 'yar garin Gabi, tsohuwar ɗalibata da take karatun digirin dakta a kan ƙwarin amfanin gona. Kafin ta ce ƙwaro baƙo ne, dole ta san waɗanda suke nan tun da, kuma ta yi yawo ba ta samu wanda ya ajiye su ba. Ni na nuna mata ƙofar, da kunya a fuskata. Da ya buɗe randar farko ta ɗago kwalba ta karanta ranar da ke jiki, ta ga a lokacin ba ta shiga lakwal ba, sai ta durƙusa a yashin ta ce, "Baba, ka san abin da ka riƙe?" Ya ce shi dai an ce ya riƙe.

Bari in yi aikina na malami sau ɗaya da gaskiya. A cikin kowace ƙwayar halittar jikin ƙwaro akwai wani ɗan ɓangare mai samar da ƙarfi, sunansa mitokondiriya. Yana da nasa ɗan rubutun gado, kuma daga uwa ake gadonsa. Rubutun yana sauyawa kaɗan-kaɗan cikin dogon zamani, don haka in aka karanta na ƙwari biyu aka gwada, ana gane ko danginsu na kusa ne ko sun daɗe da rabuwa. Amma in ƙwaron ya bushe cikin zafi ko ya ruɓe, rubutun yakan kakkarye. Hafsa ta kai samfuran ɗakin bincike. Wasu sun lalace, da yawa sun karantu. Ta zana bishiyar asalinsu, 'yan gida suka hau rassansu, mai ɗigon nan ya tsaya a wani reshe dabam, tare da dangin da aka sani a ƙasashen Asiya. Takardun fensir kuwa suka nuna babu shi ko ɗaya a kwalaben shekarun baya.

Ba zan ce kuɓewa ta warke nan take ba, har yanzu ana fama. Amma an daina laluben duhu. Malaman gona sun san da wa suke yaƙi, ana gwada irin kuɓewa mai gashi a ganye da ƙwaron ba ya so, kuma da Hafsa ta wallafa bincikenta, sunan Ashiru Maman yana jere da nata. Ta kawo takardar har zauren liman ta yi masa bayani. Ni ma na tsallaka hanya na je na nemi gafara. Ya ce ya yafe tun tuni, sai dai in zauna in karanta masa takardar da Hausa, don bai san abin da aka ce ya yi ba.

Kai ne, Ashiru, ka riƙe amanar mutanen da suka manta sun ba ka. Kai ne ka biya da abin da ka fi so a duniya, ba ka kai ƙarar kowa ba, ba ka daina gaishe mu ba. Na Ɗelu, mai randa uku, mun ci mutuncinka a bainar jama'a, shi ya sa nake ba ka haƙuri a bainar jama'a.

Ranar da ya ajiye aiki, da la'asar ta yi, Liman Garba, wanda yanzu sai da sanda, ya ɗaga hannu ya tsayar da ladan, ya waiwaya sahun baya ya ce, "Ashiru, tashi ka kira muna salla." Ya tashi ya wanke hannu, ya kama lasifika. Shekara goma sha tara rabonsa da ita. Kabbarar farko ta fita, amma muryar da masunta suke ji a tafki babu ita. Ta yi rauni, ta shaƙe, da ya kai tsakiya ta karye. Ya tsaya, sannan ya ci gaba, bai tsallake kalma ɗaya ba har ƙarshe. Ɗan Baba yana gefena, ya rufe fuska da hularsa.

Mun gode, Malam Ashiru, Allah ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Ku matasa, in an ba ku ƙaramin aiki, ku riƙe shi yadda ya riƙe nasa, ko ba mai dubawa. Ku kuma da kuka yi karatu, in ana yi wa mutum ƙazafi a kan abin da kuka sani, ku buɗe baki a ranar, kada ku jira shekara goma sha tara kamar ni. Liman ya bar masa la'asar har iyakar ransa. Duk ɗan unguwarmu da ya ji kiran ya ji muryar ta karye, ya san mu muka karya ta, ya tashi ya amsa.