Sarƙar da Yaya Garba Ya Ɗaure Rago da Ita

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Garba mai katako na Gummi. A makon jiya muka taru aka yi masa addu'a, kowa ya faɗi alherinsa, ni ma na ce amin. Amma na dawo gida da magana cike da ciki, kuma na gaji da haɗiye ta. Waɗanda za su ce ba a taɓa mamaci su yi haƙuri. Da a ce abin ya bi shi kabari, da ban buɗe baki ba.

Injinsa ƙarami ne, irin wanda ake ɗora gungume a kan dogayen ƙarafa biyu, mutum ya riƙa tura zarto da hannu. Tsagawar ba ta da wata wahala. Wahalar tana wajen juyi, domin da zarto ya share fuska ɗaya, dole a mirgina gungumen a sami ta biyu. Wanda bai taɓa sa kafaɗa a ɗanyen maɗaci ko ƙirya ba, ba zai san abin da nake nufi ba. Ƙarti ne za su jeru, su duƙa, su yi kabbara, su tura. In ya tafi daidai, an tsira. In ya dawo baya, ƙafar wani ce a ƙarƙashi. Yaya kuwa yana kan kujerarsa a inuwa, da carbi a hannu, yana ɗaga murya: "Ku tura mana! Ba ku ci tuwo ba?"

Wata rana wani mai haƙar zinari daga ƙasar Bukkuyum ya zo sayen katakon tokare rami. Ya tsaya yana kallon juyin har ya kasa daurewa, ya ce abin da suke jawo buhunan dutse da shi daga ƙasan rami zai yi wannan aikin. Sanduna uku ne a kafe, da ƙarfen murɗawa a tsakiya. A naɗe gungume da sarƙa, a maƙala ƙugiya a bayansa, mutum ɗaya ya murɗa, icen ya juyo a hankali, wani ya tokare shi daga nesa da doguwar gwafa. Babu kafaɗa, babu ƙafa a kusa. Na ji abin ya shige ni. Na tafi Anka na sa maƙeri ya ƙera, na ɗauko a bayan akori-kura ina ta murna kamar na kawo amarya.

Yaya ya zagaya shi sau ɗaya, ya taɓa sarƙar da ƙafa. "Wanga na 'yan zinari na?" Na ce dabararsu ce dai, ƙarfen kuwa na maƙerin Anka ne. Ya ce, "Abin da duk yaf fito hannunsu ba shi shiga wurina. Icce da kahwaɗa aka juya shi."

Zan yi masa adalci a nan. A shekarar da gubar dalma ta kashe yara a ƙauyukan masu haƙar zinari, jikarsa Hajara tana Yargalma, kuma tana cikin waɗanda suka tafi. Tun daga nan ko sunan zinari ba ya son ji. Na san wannan ciwon, ni ma jikata ce. Amma dalma ce ta kashe Hajara, sarƙa ba ta yi mata kome ba. Baƙin cikinsa ya ɗauka ya ɗora a kafaɗun 'ya'yan mutane, kuma akwai girman kai a ciki, don ƙanensa ne ya kawo shawarar. Sandunan aka yi rumfa da su. Ƙugiyar ya rataye butarsa a jiki. Sarƙar kuma ya kai gida, duk shekara da ita ake ɗaure ragon layya, yana nuna wa baƙi yana dariya wai ga injiniyancin ƙanensa.

Bayan haka ne gungume ya dawo wa Ɗanjuma, babban ma'aikacinsa, ya niƙe masa ƙafar dama. Yanzu yana sayar da goro a tasha da sanda a hamata. Yaya ya je duba shi, ya kai buhun gero, ya ce ƙaddara ce. Haka ne, kome ƙaddara ne. Amma shi Yaya kansa tun da ya yi tumbi bai sake sa kafaɗa a icce ba. A kan katifarsa ya cika, bayan gajeriyar jinya, da yatsun ƙafarsa goma cif.

Ina tambayar kaina me zai ce in ya leƙo yau, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne na san zai ji daɗi. Masu injin da ke kusa da shi duk sun kafa abin murɗawa, wasu ma da tsohon jak na mota suke ɗagawa. Wurinsa kaɗai ne har yanzu ake jin kabbarar ƙarti a bayan gungume, saboda ɗansa Kabiru ya mai da taurin kan ubansa wasiyya. Kuma a cikin masu duƙawar akwai ɗana Sanusi, magidanci da 'ya'ya uku, wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa, ba shi da wani abin yi sai wannan.

A watan da ya wuce matar Sanusi ta shigo gidana ba ko sallama. Ta ajiye takalmin roba ɗaya a gabana, a baje kamar an yi masa guga. Ta ce, "Baba, ƙahwar ta hita, takalmin bai hita ba." Ta juya ta tafi. Sai daga baya na ji gungume ne ya kuɓuce musu wajen ɗorawa, Sanusi ya yi tsalle, Allah ya kiyaye. Shi bai gaya mini ba, wai kada in tayar da rigima a dangi.

To, rigimar na tayar. Ranar addu'ar nan aka kwance rago aka yanka don sadaka, sarƙar na yashe a gindin turke. Na duƙa na tattara ta, na saɓa a kafaɗa a gaban kowa. Kabiru ya tare ni a zaure. "Bappa, maganar mamaci za ka karyawa?" Na ce masa, "Mamaci ba shi da ƙahwar da icce ka hawa, ɗana na da." Ban jira amsarsa ba. Na kuma aika masa cewa ko sarƙar nan ta hau gungume, ko Sanusi ya bar wurin, ni zan ciyar da iyalinsa da abin da ya sawwaƙa. Har yau Kabiru bai gaishe ni ba.

Me ya rage na Yaya Garba? Akwai ƙofofin masallatai da ya ba da katakonsu kyauta, akwai marayun da ya aurar, ba na musun ko ɗaya. Akwai kuma Ɗanjuma a tasha. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa waɗancan su rinjayi wannan, da zuciya ɗaya na roƙa maka. Amma sarƙar tana wurin maƙeri yanzu, yana ƙera mata sabuwar ƙugiya. Taka na bar maka ita, da butarka a rataye.