Lanƙwasasshen Harsashi da Ƙusar Yaya a Jidda

Mun tashi da asuba daga gida, ni da maiɗakina, bayan na duba jakunkuna sau biyu kamar yadda na saba. A dubawa ta biyu na ciro wani abu daga jakar hannu na mayar akwatin ɗaki: tsohon harsashi ne da ya lanƙwashe kamar ƙugiya, wanda nake ajiye da shi shekara talatin da wani abu. Na so in tafi da shi, amma duk wanda ya yi aikin gwamnati da bindiga ya san ba a shiga jirgi da irin wannan. Sai na ɗora shi a kan farar takarda na ɗauke shi hoto a waya. Maiɗakina ta ce mutane na tafiya Umara da carbi, ni ina tafiya da shari'a. Gaskiya ta faɗa.

Bari in faɗi shari'ar tun yanzu. Ni da yayana mun yi aikin gadin daji tare, shi ne babba a gida, shi ne babba a aiki. Wata shekara wata ɓauna ta addabi wani ƙauye har ta kashe manomi, aka tura mu. Ta fito mana daga duhuwa, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. Bindigar Yaya ta ƙi tashi. Ni na harba. Ɓauna ba ta faɗi ba, ta soke shi a cinya kafin abokan aiki su gama da ita. Aka wuce da shi asibiti, bai ga fiɗar ɓaunar ba. Da ya warke ya bar aiki da ɗingishi, ya tafi Hajji, ya zauna a Jidda. Tun ranar ya ɗauka ido na rufe na harbi iska. Ni kuwa na ga fiɗa. Harsashina ya shiga kafaɗa daidai, ya daki ƙashi, ya juya gefe, ya tsaya ƙarƙashin fatar wuya. Muna zumunci a waya, amma duk sa'ad da na ɗauko maganar sai ya ce, "Auta, bar shi, na yafe." Ni ba yafiya nake nema ba. So nake ya san ban kuskure ba, kuma dukanmu mun tsufa.

Hanyar Kano ta yi mana kyau, ban da ramuka biyu da direba ya faɗa ciki da idonsa buɗe. A filin jirgi an ce mu zo ƙarfe tara, muka zo takwas, jirgi ya tashi bayan azahar. Abincin jirgi shinkafa ce da kaza a ɗan kwano wanda ba zai ƙosar da jariri ba. Muka sauka, muka wuce Makka, muka yi Umara lafiya, Alhamdu lillahi. Kwana huɗu muka yi can. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, ibada tsakanin bawa ce da Ubangijinsa.

Rana ta biyar babban ɗan Yaya, magidanci ne mai aiki a tashar jiragen ruwa, ya zo da mota ya ɗauke mu. Titin Makka zuwa Jidda shimfiɗe yake kamar tabarma, babu rami, babu akuya, babu mai tsayar da kai ya tambayi takardar da bai san sunanta ba. Sai dai gudu. Na ce masa ya rage, ya ce, "Ya Ammi, a nan wannan tafiyar tsofaffi ce." Ammi shi ne baffa a bakinsu. Zafin Jidda kuma ba irin namu ba ne. Namu ƙona mutum yake, nasu mannewa yake. Kafin ka fito daga mota ka shiga gida riga ta zama tsumman wanka.

Yaya yana zaune a Sa'alaba, unguwar tsofaffin gidaje marasa tsayi, kowace taga da na'urar sanyi tana ɗigar da ruwa a kan mai wucewa. A lungunsu kana jin Hausa daga shago zuwa shago, amma rabinta Larabci ne. Matarsa haifaffiyar Jidda ce, kakanninta da ƙafa suka zo Hajji, kuma in ta yi magana sai ka ji Hausar na fitowa daga maƙogwaro. Yaya ya fito da sandarsa, ya rungume ni har hulata ta faɗi. Sannan ya tara jikoki ya ce, "Ga kakanku da nake ba ku labari. Shi ne wanda in an ajiye masa rumbu a gabansa zai harbi bishiyar da ke baya." Yara suka kwashe da dariya, har da waɗanda ba sa iya mayar da Hausa. Ashe da wannan sunan aka san ni a gidan. Na yi murmushi, na ci kabsa, shinkafarsu mai nama da kayan ƙamshi. Ba a buɗe shari'a ranar sauka.

Rana ta shida muka tafi Balad, tsohon gari. Karin kumallo a hanya muka yi: burodin tamis mai faɗi kamar faifai, riyal ɗaya, da ful, wake ne da aka dama da mai. Shayi da madara riyal biyu. Maiɗakina tana ta mayar da kowane farashi naira a ranta, har na hana ta, domin haka mutum zai kwana da yunwa a ƙasar abinci. Gidajen Balad da dutsen teku aka gina su, dogaye, da tagogin katako masu ado da suka turo kai kan lungu, suna kiransu roshan. Yaya ya tsaya ƙarƙashin wata ya nuna da sanda ya ce shi ya gyara ta. Aikinsa ke nan tun da ya samu iƙama, takardar zama: kafinta ne a shagon kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa. Maiɗakina ta shiga kasuwar turare da sallaya ta ce minti goma. Na duba agogo. Awa ɗaya da kwata.

Rana ta bakwai da la'asar muka zauna shan shayi a ƙofar wani abokin Yaya, Bahaushen Sudan, dattijo mai sayar da tsire, wanda Larabawan nan ke kira siriya suna layi a kansa. Da ya ji aikin da na yi sai ya ce shi ma ya yi farautar manyan namun daji a kudancin ƙasarsu yana saurayi, ya tambaye ni wane harsashi nake sa wa ɓauna. Ban taɓa samun ƙofa irin wannan ba. Na ajiye kofi na jera masa. Na farko, harsashi mai tsini na fili ne: yana yanka iska, yana tafiya nesa bai sunkuya ba, shi ya dace da barewa ko gwanki da suka tsaya can nesa. Na biyu, mai dunƙulen kai ya fi nauyi, a nesa yana saurin faɗuwa, amma a kusa in ya shiga nama miƙewa yake yi, ya fasa ƙashi ya wuce. Na uku, ɓauna da dorina da giwa ba a harbinsu daga nesa, a duhuwa ake haɗuwa da su, kuma gabansu duk ƙashi ne. Mai tsini irin na soja in ya daki wannan ƙashin sai ya juya, ya bi inda ya ga dama.

Dattijon ya ce da bakinsu na Sudan, "Wallahi sahih, ya zol, gaskiya ne, mutumina. Mu ma dunƙulen muke nema."

Yaya ya ce, "Ku biyun kun haɗu. Allura da taɓarya, wace ce ta fi shiga buhu? Auta, in mutum ya kuskure ya ce ya kuskure. Halas, shi ke nan."

Na fito da waya na nuna masa hoton. Ya riƙe ta nesa da fuska, ya ce bai zo da tabarau ba, kuma hoto kowa na iya ɗauka. Na mayar da wayata aljihu. Tsiren yana da daɗi, amma ranar ban ji ɗanɗanonsa ba. Saura kwana uku mu tashi.

Rana ta takwas na raka shi shago a Mahjar, unguwar ma'aikata da gareji da masu walda. Na zauna a kan benci ina kallo. Yana gyaran wani ɓangaren roshan, tsohon katako busasshe. Sai na lura da wani abu. Duk ƙusar da ya ɗauka sai ya kifa ta a kan ƙarfe, tsini a sama, ya ɗan doki tsinin da guduma ya dakushe shi, sannan ya kafa. Na ƙirga, ya yi haka sau bakwai.

Na ce, "Yaya, me ya sa kake ɓata ƙusa kafin ka buga?"

Ya ce, "Ɓatawa? Ka ji wanda bai san aiki ba. Mai tsini ba ta da ra'ayin kanta, jijiyar katako take bi. Ko ta tsaga shi, ko in ta haɗu da gaɓa ta kauce ta fito ta gefe. Wadda aka dakushe ita ke yanka hanyarta ta tafi sak."

Na tashi na zaɓo guntun katako mai gaɓa daga tarin shara, na ɗauko ƙusa biyu, na ce ya dakushe ɗaya, ya buga mini duka biyun kusa da gaɓar. Ya yi tsaki, amma ya buga. Dakusasshiyar ta nutse har kai. Mai tsinin ta shiga rabi, ta kauce, ta ɓullo ta gefen katako. Ya zare ta da filaya, ta fito a lanƙwashe. Na ɗora ta a kan tebur, na ajiye wayata kusa da ita da hoton a buɗe. Yau tabarau na kan hancinsa.

Ya daɗe yana kallo. Injin yankan katako na maƙwabcinsa ya yi ta ƙara ya tsaya. Sannan ya ce, "A ina ka ciro shi?"

"A wuya. Ta kafaɗa ya shiga."

"Me ya kai mai tsini bindigarka?"

Wannan ita ce tambayar da na yi shekara talatin ina jira, kuma da ta zo sai na ji nauyinta. Na ce, "Kai ka raba harsashi da safen. Sababbin da aka kawo ka ba ni, ka ce mai tsini ya fi shiga. Kai ka riƙe tsofaffin dunƙulen."

Ya zauna a kan benci, ya miƙe ƙafar da ke ɗingishi. Ya ce, "Wallahi gata na yi maka." Na ce na sani, ni ma a ranar murna na yi, domin har ƙyalli suke. Sai ya fara dariya, irin wadda kafaɗu ke rawa, ni ma na kama. Tsofaffi biyu a shagon kafinta suna share ido da hannun riga.

Bayan magariba ya sa aka sayo kifi daga kasuwar bakin teku, aka soya, aka shimfiɗa leda a ƙasa. Kafin a sa hannu ya tara jikokin nan ya ce, da Hausa sannan da Larabci don kada wani ya ce bai ji ba, "Kakanku bai kuskure ba. Ya samu ɓauna a kafaɗa tana gudu, kuma bai matsa daga inda yake ba. Ni na ba shi harsashin da bai dace ba." Yaran ba su ji daɗi ba, sun rasa labarinsu mafi ban dariya. Ɗaya ta tambaya ko rumbun ma ƙarya ne. Yaya ya ce rumbun yana nan, sai an sake bincike.

Rana ta tara muka je bakin teku muka ga ruwan da ake harbawa sama, muka sayi dabino da tsarabar jikoki, muka ɗaure kaya. Yaya ya naɗe lanƙwasasshiyar ƙusar a takarda ya sa a babbar jakata da hannunsa. Rana ta goma ɗansa ya kai mu filin jirgi, wannan karon a hankali, domin ubansa na gaba. Muka sauka Kano lafiya, muka iso gida kafin la'asar.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Ga mafarautan garinmu da ke zuwa wurina neman shawara, maganata tana nan: mai tsini na fili da nesa, mai dunƙulen kai na duhuwa da ƙashi, kuma kowa ya duba abin da aka miƙa masa kafin ya ɗura, ko da yayansa ne ya miƙa. Ga kaina kuma, na gane shekara talatin na yi ina yi wa kafinta bayani da bindiga, alhali amsar tana cikin gwangwanin ƙusarsa. Na buɗe akwatin ɗaki na ajiye ƙusar kusa da harsashin. Maiɗakina ta leƙa ta ce kamar wa da ƙane. Na rufe akwatin, na kira Jidda na ce mun sauka.